Muryar da ke Kunnen Hagu

Namijin da ba zai iya zama ya saurari faifai ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa ba, ba zai iya riƙe mace ba. Shekara tara na yi ina bincike a kan wannan magana, a kan maza goma sha ɗaya, kuma har watan jiya sakamakon bai taɓa saɓa mini ba.

Ga waɗanda suka shigo group ɗin nan kwanan nan: sunana Ameera, shekarata arba'in da ɗaya, ina koyar da lissafi a wata sakandare a Dagenham. Ina zaune a Barking da Gwaggo Suweiba, yayar mahaifina, wadda ta ɗauko ni daga Kano ta kawo ni ƙasar Turawa ina 'yar shekara goma sha biyu. Ban taɓa aure ba. Gwaggo tana faɗar wannan jimlar yadda ake faɗar sunan muguwar cuta, ƙasa-ƙasa, tana waiwayen ƙofa.

Faifan kuwa na wasu 'yan Sweden ne su huɗu, masu irin kiɗan da ake kira death metal. Sunansu ba zan rubuta ba, don a jikin faifan an zana shi kamar saiwar bishiya, ni ma sai da aka karanta mini. Waƙa bakwai ce, minti sittin da huɗu. Jitarsu an sassauta mata tsirkiya har tana ƙara irin ta injin yankan itace. Mai ganga yana bugu da ƙafa biyu da hannu biyu, kuma ba ya ƙirga huɗu-huɗu kamar sauran bayin Allah. Bakwai yake ƙirgawa, wani wurin goma sha ɗaya, sai kin saba ya sauya. Mawaƙin ba ya waƙa, gurnani yake daga can ƙasan ciki. A tsakiyar wannan tashin hankali sai su shigo da babban gogen nan na Turawa da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, ya yi ta jan nishi shi kaɗai. 'Yan gidan death metal ɗin ma da yawa ba sa son faifan, wai ya cika gwaje-gwaje. Gwaggo ta taɓa jin daƙiƙa goma ta bakin ƙofa, ta ce jaki ne ya faɗa injin markaɗe.

Ni a wurina ba a yi kamarsa ba. Tun da nake rubuta muku labarin nan ban faɗi dalili ba, yau zan faɗa.

Ranar da Babana ya rasu a Kano, an kira mu da hantsi. Ni da Gwaggo muna cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da akwatuna, ba mu ko kai filin jirgin Heathrow ba, saƙo ya shigo cewa an dawo daga maƙabarta. Muka sauka a tasha ta gaba, muka hau mai komawa. Kwana bakwai falonmu cike da mata, kowa ya shigo sai ya ce a yi haƙuri, mu ce haƙuri ya zama dole. Na faɗa sau ɗari huɗu. Bayan wata biyu wani malamin kimiyya a makarantarmu ya manta faifan nan a cikin kwamfutar ɗakin malamai. Na danna bisa kuskure. Sai na ji wani ƙato a Sweden yana yin ihun da tarbiyya ta hana ni yi.

A waƙa ta biyar, bayan minti shida da rabi na rugugi, akwai wata murya. Mace ce, can nesa, a kunnen hagu kawai suka sa ta, siririya kamar zare, tana irin kiran da aka ce matan ƙauyensu suna yi wa shanu su dawo gida. Ba ta kai minti ɗaya. In ba ki natsu ba za ta wuce ki. A nan na yi kukan Babana, a ɗakin malamai, da jan biro a hannu.

Daga nan na kafa doka. Duk wanda Gwaggo ta kawo, zan ba shi faifan, ya saurara duka, ya amsa tambaya ɗaya: me ke cikin waƙa ta biyar? Na sanar da dokar a gaban Gwaggo, na sanar a walimar Sallah, na sanar muku a nan fiye da sau nawa. Shamsudeen, likitan haƙori daga Abbey Wood, ya yi minti huɗu, ya turo mini lambar wani malami mai ruƙiyya, ya ce ba don komai ba. Wani kuma ya kwaso sharhin Turawa daga intanet ya karanto mini har da inda suka ce a danna nan don ci gaba. Sauran tara sun ɓace cikin mutunci. Gaskiya dokar ta yi mini aiki, ta fi kare a ƙofa.

Sai Masawudu.

Tela ne a Tottenham, ɗan zangon Kumasi, shekara arba'in da shida, matarsa ta rasu tuntuni. Gwaggo ce ta ja ni shagonsa ɗinkin ankon wani biki. Da aka zo awo sai ya miƙo mini tef ɗin, ya ɗaga kai yana kallon silin, ina faɗar lamba yana rubutawa a bayan kwalin shayi. Duk maganar da na yi sai ya ɗan karkato da gefen fuskarsa na dama. Na ɗauka kunya ce. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk "ka" ne da "ya". Sau biyu na gyara masa, a na uku na ji ba na son ya gyaru.

Rigar ta fito daidai, amma na koma wai hannu ya matse. Na sake komawa wai zif. A zuwa na huɗu ya juya rigar ciki da waje, ya ce, "Malama, rigan nan lafiyanshi lau. In shayi ka zo sha, ka zauna."

Na zauna.

Da na gaya wa Gwaggo, na zaci za ta tsaya tambayar asali. Da ina shekara ashirin da biyar sai ɗan cikin birni, wanda aka san kakansa. Yanzu cewa ta yi, "Yana salla?"

"Yana yi."

"Yana da mata?"

"Babu."

"To ki taimake ni ki taimaki kanki, Ameera, kar ki ba shi jakin nan."

"Gwaggo, doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

"Ni."

"To ki sauke ta mana. Gwamnati ma tana yin cancel."

Ku da kuke karatu kun san da na sauke ta da an huta. Amma mace mai digiri biyu wadda ta shekara tara tana kafa hujja ba ta janyewa don wani tela ya iya dafa shayi da kanumfari. Kuma can ƙasa, inda ba na son dubawa, ina so ya ji muryar nan. Shi kaɗai a cikin sha biyun nake so ya ji. Na tura masa faifan a waya, na ba shi mako uku.

Saƙonninsa suka fara shigowa, kullum wajen azahar.

"Na ji na ɗaya. Mutumin nan wuyanshi lafiya? Ya sha zuma."

Bayan kwana biyu: "Na uku. Mai ganga yana tafiya bakwai bakwai, sai ya bar ɗaya a buɗe kamar allowance, raran da muke bari a ɗinki. Kakana makaɗin sarkin zango ne, da ya ji wannan zai ce yaron yana da hannu amma ba shi da kunya."

Na karanta a tsakiyar darasin 'yan aji tara, na yi murmushi har wata yarinya ta tambaye ni ko lafiya. Shekara tara ban samu wanda ya ji gurbin nan ba.

Sannan: "Na huɗu, gogen da jita ba faɗa suke ba. Ɗaya shafi ne ɗaya yadi. In ka cire gogen, rigan zai ci jiki."

Sannan: "Na shida ya yi tsawo. Da ni ne zan rage inci biyu."

Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don gaskiya ne, kuma ban taɓa yarda na faɗa ko a zuciyata ba.

Na bakwai ma ya yi sharhi. Na biyar ko kalma. Ina buɗe waya a jirgin District line, ina rufewa, ina sake buɗewa kafin tashar Upney. Na rubuta "Na biyar fa?" na goge ya fi sau goma.

A gida kuma Gwaggo ta sauya. Ta fara ɗaure kallabi tamau har girarta na ɗagawa. Kwalin paracetamol na kicin ya ƙare, wani ya zo. Mista Nathaniel, maƙwabcinmu da bango ɗaya ya raba mu, ma'aikacin jinya da ke aikin dare ya yi barci da rana, ya daina amsa gaisuwata. In na ce masa barka sai ya dube ni kamar na taka masa fure. Ban haɗa komai da komai ba. Hankalina yana Tottenham.

Ranar Asabar ɗin da wa'adi ya cika ya zo bayan la'asar. Na sauya kaya sau uku, na ƙare a atamfa ruwan ƙasa da ya ɗinka, wadda hannunta bai taɓa matsewa ba. Shi kuma kaftani ruwan toka, aikin wuya siriri, da kwalbar shito, soyayyen yajin can nasu, a leda ya kawo wa Gwaggo. Ta shimfiɗa ledar cin abinci mai furanni da ba a fito da ita sai Sallah, ta kunna turaren wuta har na'urar hayaƙi ta yi tari sau ɗaya. Ta amsa gaisuwarsa, ta shige kicin, ta bar ƙofa a buɗe daidai faɗin kunne.

Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, na gyara murya kamar mai duba jarrabawa.

"Malam Masawudu, me ke cikin waƙa ta biyar?"

Ya karkato da gefen dama.

"Jita, ganga, da mutumin zuma. Minti goma sha ɗaya. A tsakiya suna rage ƙarfi kaɗan kamar suna jiran wani, amma ba wanda ya zo."

A kicin motsin ludayi ya tsaya.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da na ji." Ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a ninke. "Amma akwai wannan. Ranar Alhamis ta makon jiya Mma, Gwaggonka, ya zo shago. Tun daga Barking, jirgi biyu da bas. Ya ajiye mini a kan keke ya ce in haddace."

Rubutun Gwaggo ne, manyan baƙaƙe masu jingina da juna, a bayan takardar asibiti: *Ta biyar. Bayan minti shida da rabi wata mata tana kira daga nesa kamar mai kiran shanu. Ka ce ta ba ka tausayi.*

Daga kicin aka ce, a hankali, "Allah ya isa tsakanina da mai gaskiya."

"Mma, ka yi haƙuri," ya ce wa ƙofa. Ya juyo gare ni. "Sau goma sha tara na ji shi, Malama. Bayan takardan nan na ƙara shida, ina neman matan. Ban same shi ba. In na ce na ji, yau zan ci, amma kullum ka sa waƙan nan a gida sai na yi fuskan wanda ya ji. Ba zan iya wannan shekara talatin ba."

To ga ni nan. Dokata ta yi aiki, ta kama wanda ya faɗi, kuma ban taɓa tsanar wani abu nawa kamar yadda na tsane ta a lokacin ba. In na ce ya ci, na yi ƙaryar da shi ya ƙi yi. In na ce ya faɗi, zai miƙe ya gyara kaftaninsa ya yi sallama, don irinsa ba sa roƙo.

Don in samu abin faɗa na ce, "Da me kake ji?"

Ya zaro earpiece daga aljihun gaba, irin tsohon nan mai waya. Reshe ɗaya ne da shi. Ɗayan an yanke shi daga gindi, an naɗe bakin da baƙin zare, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana.

"Ina na hagun?"

"Na cire, yana kama mini a keke." Ya taɓa kunnensa na hagu. "Wannan ya mutu tun ina shekara bakwai. Ƙyanda. Ban faɗa ba don ba a fara zance da shi."

Na tuna duk karkatowar nan da na kira kunya. Sau ashirin da biyar mutumin nan ya zauna a gaban keken ɗinki ana yi masa gurnani a kunnensa ɗaya tilo, yana neman muryar da ke cikin wayar da ya yanke da almakashinsa.

Na hau sama na ɗauko babban headphone ɗina. Na miƙa masa, ya duba haruffan jiki ya sa yadda aka rubuta.

"Juya shi."

"Zai zama baibai."

"Na sani. Juya."

Ya juya, na hagu ya koma kunnen dama. Na danna ta biyar.

Minti shida da rabi ba wasa ba ne in ana zaune shiru a falo ana kallon mutum. Ƙarar tana tsiyayowa kaɗan-kaɗan kamar ƙudan zuma a gwangwani. Yatsansa yana ƙirga bakwai a gwiwa. Gwaggo ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi, miyar taushe tana ɗiga a kafet ba ta kula ba. Ba ta kallon agogo. Amma ana saura kamar numfashi biyu sai na ga ta ɗaga yatsa ɗaya sama, ta riƙe, sannan ta sauke shi daidai inda matar take shigowa.

Yatsan Masawudu ya tsaya. Ya rufe ido. Da minti ɗayan ya wuce ya cire headphone ɗin ya riƙe a cinya da hannu biyu.

"Mma ya ce shanu," ya ce. "Wataƙila. Amma wannan ya san wanda yake kira ba zai zo ba. Yana kira ne kawai don kar a ce ba a kira ba."

Na miƙe na ce bari in duba shinkafa. Ba a dafa shinkafa a gidan ba ranar. Na tsaya gaban tukunyar tuwo na yi abin da na yi, Gwaggo ta shigo ta miƙo mini gefen mayafinta ba tare da ta dube ni ba.

"Ya ci ko bai ci ba?"

"Ya ci."

"Alhamdu lillahi. Goge hancinki, kin yi kama da Babanki."

Ya ci tuwo malmala biyu. A bakin ƙofa ya ce mahaifiyarsa, Hajiya Amamata, za ta zo daga Kumasi wata mai zuwa, kuma ita ma tana da tambaya ɗaya da take yi wa duk matar da ya kawo. Na ce wace tambaya? Ya karkato da kunnen hagu, ya ce bai ji ba.

Da na dawo falo ina naɗe ledar abinci, sai ga ambulan a ƙarƙashin tiren turare. Daga council, hukumar yankinmu, da sunan Gwaggo. Shekara talatin da ɗaya tana gidan nan, kuma abin alfaharinta a duniya, bayan Hajji, shi ne ko takardar shara ba a taɓa rubuto mata ba. Wannan ta ƙorafin hayaniya ce. An haɗo da jerin da maƙwabci ya rubuta da hannunsa: rana, lokacin farawa, lokacin gamawa. Kullum ƙarfe goma da kwata, bayan na tafi makaranta, minti sittin da huɗu cif. Na dubi tsohuwar rediyon falo da take jin karatu da ita. Faifaina yana ciki, maɓallin ƙara yana ƙarshe.

Ni malamar lissafi ce, ba na iya ganin jeri ban bi shi ba. Ta kai wa Masawudu takarda ranar Alhamis, aikinta ya ƙare. Amma jerin bai tsaya ba. Juma'a, Litinin, Talata, Laraba. Sai dai waɗannan ba sittin da huɗu ba ne. Minti goma sha ɗaya ne kowace rana.

Na ji ƙofar waje ta buɗe. Ta taga na hango ta da mayafinta na zuwa biki, da kular tuwo a hannu, tana ƙwanƙwasa ƙofar Mista Nathaniel. Ya buɗe yana nuna tagar ɗakina. Ta girgiza kai, ta dafa ƙirjinta, da Turancinta na shekara talatin ta ce masa kiɗanta ne, ita ce, ba za a sake ba. Ta ɗan rusuna. Gwaggo, wadda ta girme shi da shekara ashirin.

Ta dawo ta same ni da takardar a hannu. Na buɗe baki.

"Ba taki ba ce," ta ce. "Sunana ne a kai."

Ta karɓa, ta ninke ta huɗu ta sa a jaka. Ta ɓallo paracetamol biyu ta haɗiye ba ruwa, ta naɗe hannun riga ta wuce alwalar magariba.